Ƙullutun babban yatsan ƙafa: abin da shimfiɗar takalmi ke iya gyarawa, da abin da ya fi ƙarfinta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar gidan biki ko gidan suna ya dubi takalman da aka tuɓe, zai lura da wasu da suka kumbura ta gefe ɗaya, daidai gindin babban yatsa. Fatar wurin ta buɗe, wani lokacin ma ɗinkin ya farke. Ba baduku ne ya yi kuskure ba. Ƙafar mai takalmin ce ta sake kama: babban yatsa ya karkata ya nufi sauran yatsun, gindinsa kuma ya turo waje ya yi ƙullutu.

Likitoci na kiran wannan matsala da sunan Latin, haluks balgus, sunan da wani likitan fiɗa na Jamus, Carl Hueter, ya laƙaba mata tun ƙarni na 19. A ƴan shekarun nan tallar kayan gyaranta ta yawaita a wayoyin salula da wasu farmasi na Yamai, Maraɗi da Damagaram: robar da ake saƙalawa tsakanin yatsu, maɗaurin da ake kwana da shi, da shimfiɗar cikin takalmi wadda ma'aikatan lafiya ke kira samel. Galibi ana haɗa tallar da hoto biyu, karkatacciyar ƙafa da miƙaƙƙiya, tare da alƙawarin cewa cikin ƴan makonni magana ta ƙare. Wasu daga cikin kayan nan suna da amfani ƙwarai. Sai dai amfanin nasu ba shi ne wanda hoton ke nunawa ba.

Ba sabon ƙashi ba ne ya tsiro

Mutane da dama sun ɗauka ƙullutun wani ƙashi ne da ya tsiro, ko kuma ƙari. Ba haka abin yake ba. Ƙafar ɗan Adam tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, jijiyoyi da tsokoki fiye da ɗari ne ke riƙe da su. A bayan kowane yatsa akwai dogon ƙashi da ya taso daga tsakiyar ƙafa. Na bayan babban yatsa shi ya fi kauri, domin a kansa nauyin jiki ke ƙarewa duk lokacin da mutum ya ɗaga dunduniya zai cira ƙafa.

Abin da ke faruwa shi ne, wannan dogon ƙashi yana gocewa a hankali ya nufi ɗaya ƙafar, shi kuma yatsan ya kwanta ta wancan gefen, wajen ƴan uwansa. Ƙullutun da ake gani kan ƙashin ne da ya fito daga mazauninsa. Da zarar an fara gocewar, jijiyoyin da ke jan yatsa sama da ƙasa, waɗanda a da suke bi ta tsakiyar gaɓa, sai su koma gefe. Daga nan duk jan da suka yi ƙara karkata yatsan suke yi, kamar yadda tsarkiya ke lanƙwasa baka. Wannan ne dalilin da ya sa matsalar ba ta komawa baya da kanta, sai dai ta tsaya inda take ko ta ci gaba.

A hoton ƙashi, wanda aka fi sani da radiyo, likita na auna kusurwar da ke tsakanin yatsan da ƙashin bayansa. Ƙasa da digiri 15 lafiya lau ne. Tsakanin 20 da 40 matsakaiciyar karkata ce, abin da ya haura 40 kuwa ya yi tsanani, a nan ne ake ganin babban yatsa ya shige ƙarƙashin na kusa da shi ko ya hau kansa. Ana ɗaukar hoton ne mutum yana tsaye, nauyinsa a kan ƙafar. Hoton da aka ɗauka a kwance yana ɓoye girman karkatar.

Gado ne ko takalmi?

Duka biyun. Wani nazari da masana na jami'ar Kwinsland ta ƙasar Ostareliya suka fitar a 2010, bayan sun tattara bincike masu yawa daga ƙasashe daban-daban, ya nuna cewa kashi 23 cikin ɗari na mutanen da ke tsakanin shekara 18 da 65 suna da wannan karkata, adadin kuma ya kai kusan kashi 36 ga waɗanda suka haura 65. Mata sun ninka maza fiye da sau biyu: kashi 30 a mata, kashi 13 a maza. Akasarin masu zuwa asibiti da matsalar, in aka tambaye su, za a tarar akwai uwa, kaka ko gwaggo mai irin ƙafar. Ba ƙullutun ake gada ba. Ana gadon sigar ƙafa ne da laushin jijiyoyi, su kuma su buɗe masa ƙofa.

Takalmi shi ke ƙarasa aikin. A 1958 wasu likitoci biyu a Hong Kong sun gwada ƙafafun masu sa takalmi da na mutanen da ba su saba da shi ba. Sun tarar da karkatar a kashi 33 cikin ɗari na masu takalmi, amma a marasa takalmi ba ta kai kashi 2 ba. Kafin nan, a 1955, wani awo da aka yi wa ƙafafun mutane a Najeriya ya nuna babban yatsansu ya fi na Turawa miƙewa. Bai kamata wannan ya ba kowa mamaki ba a ƙasar da manomi ke yini a gona da buɗaɗɗen takalmi, yatsunsa a baje.

Abin lura shi ne yanayin ya sauya a birane. Ma'aikacin ofis da ɗan lekol da soja suna yini cikin sau-ciki. Ƴan mata na sayen takalmi mai tsini da matsattsen baki don biki, wanda ke tura nauyin jiki gaba ya kuma matse yatsu wuri guda. Ga kuma takalman bosho, waɗanda ake saye don arha ko don kyau ko da lambar ba ta yi daidai ba, da fatan za su buɗe. Takalmin bosho ya riga ya ɗauki sigar ƙafar mai shi na farko, ya kuma cinye ta gefen da wancan yake takawa.

Aikin samel

Samel ba ta taɓa yatsan kai tsaye. Aikinta a ƙarƙashin ƙafa yake. A tafin ƙafa akwai kwari ta gefen ciki, wanda ke lotsawa kaɗan in an taka, ya dawo in an ɗaga. Ga wasu mutane lotsawar tana yin yawa: dunduniya ta kwanta ciki, kwarin ya shafe, nauyi ya taru a gefen babban yatsa daidai lokacin da ake cira ƙafa. Samel mai kyau tana da gurbin da ke riƙe dunduniya, da tudu mai tallafe kwarin, wani lokaci da ɗan matashi a bayan gindin yatsu domin raba nauyi. In babban yatsa ya daina ɗaukar rabonsa na kaya, na biyu da na uku ne ke ɗauka, shi ya sa ake ganin kanta mai zafi a ƙarƙashinsu. A nan ɗan matashin ke taimakawa sosai.

To, tana miƙe yatsan? Amsar da bincike ya bayar ita ce a'a. A ƙasar Finlan an yi wani gwaji da aka wallafa a 2001, inda aka raba majinyata 209 gida uku: wasu aka yi musu fiɗa, wasu aka ba su samel da aka ƙera daidai ƙafarsu, sauran aka ce su jira. Bayan wata shida, masu samel sun sami sauƙin ciwo fiye da masu jira. Da aka cika shekara, waɗanda aka yi wa fiɗa ne kaɗai suka ci gaba da yin fice wajen raguwar ciwo. Da aka tambaye su ko suna jin sun fi da, kashi 83 na masu fiɗa suka ce e, kashi 46 na masu samel, kashi 24 na masu jira.

Wani gwajin da aka yi a Ingila, aka fitar a 1994, ya fi wannan sanyaya gwiwar masu talla. An bi yara 122 ƴan shekara tara zuwa goma da suka fara nuna karkatar, aka ba wasu samel, aka bar wasu haka. Bayan shekara uku karkatar ta ƙaru a ɓangarorin biyu, kuma ba ta ragu ko kaɗan ba ga masu samel ɗin.

Ke nan samel maganin ciwo ce da gajiya, ba maganin karkata ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga mai sayar da abinci da ke tsaye tun safe har la'asar, ko malamin makaranta, ko ma'aikaciyar jinya mai gadin dare, samun sauƙin da zai ba mutum damar ƙarasa aikin yini shi ne abin da ake nema. Amma wanda ya fitar da kuɗinsa da niyyar ganin ƙullutu ya baje, ya sayi abin da babu shi. Haka zancen yake ga robar tsakanin yatsu da maɗaurin dare. Suna miƙe yatsan muddin suna jiki, suna hana yatsu gogar juna, wasu kuma na jin daɗinsu. Da an cire, an taka ƙasa, yatsa ya koma inda ya saba.

Akwai samel iri biyu. Akwai ta kanti, da ake saye bisa lambar takalmi, akwai kuma wadda ake ƙerawa bayan an ɗauki sawun ƙafa da filasta ko da soso na musamman, a sassan ƙera kayan gyaran gaɓoɓi na manyan asibitoci. Ta biyun ta fi tsada nesa ba kusa ba. Ga mai matsakaicin ciwo da ƙafar da ba ta lalace ba, babu laifi ya fara da ta kanti, in dai tana da ɗan tauri. Wadda ake iya naɗewa kamar tabarma laushi kawai take bayarwa, ba ta tallafar komai. Ƙerarriyar ta fi dacewa da ƙafar da ta sake kama sosai, da mai amosanin gaɓɓai, da mai ciwon sukari. Kowace iri ce, ba a yini da ita ranar farko. Ana farawa da awa ɗaya ko biyu, a riƙa ƙarawa har mako biyu. In bayan haka tana sa ciwon gwiwa ko ƙugu, ko tana yin bororo, a mayar da ita a gyara.

Matsalar da masu talla ba sa faɗa ita ce samel sai da takalmin da zai riƙe ta. Ba ta zama a silifa. In kuma aka cusa ta cikin sau-cikin da dama ya matse, sai ta cinye ɗan sararin da ya rage, ƙullutun ya ƙara goguwa. Saboda haka gyaran takalmi ke zuwa kafin sayen samel, kuma sau da yawa shi kaɗai ya wadatar. Gwajin mai sauƙi ne: mutum ya tsaya a kan takarda, a zagaye ƙafarsa da biro, sannan a ɗora takalmin a kan zanen. In zanen ya leƙo ta gefe, takalmin ya yi kaɗan ko da lambarsa ta yi daidai. Ana son sarari kamar santimita ɗaya a gaban yatsan da ya fi tsawo, da baki mai faɗi, da dunduniya maras tudu sosai. An fi so a gwada takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura.

A nan ƙasar Hausa tana da abin da wasu ƙasashe suka rasa, wato dukawa masu ɗinka takalmi daidai ƙafar mutum. Buɗaɗɗen takalmin fata mai maɗauri a bayan dunduniya, wanda igiyarsa ba ta bi ta kan ƙullutun ba, ya fi takalman kanti da yawa dacewa da irin wannan ƙafa, ga shi kuma ya dace da zafi. Baduku na iya manna tudun kwari a ciki in ma'aikacin lafiya ya nuna masa wurin, yana kuma iya buɗa fatar sau-ciki daidai inda take matsa.

Ba kowane ciwon babban yatsa ne wannan ba

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar duk wani ciwo na wannan gaɓa a matsayin abu guda. Akwai wanda yatsansa a miƙe yake sarai, amma gaɓar ta sandare. Guringuntsin da ke lulluɓe kan ƙashi ne ya cinye, ƙashi kuma ya yi tudu ta sama, ba ta gefe ba. Mai wannan matsala yakan fara gane ta wajen sujada ko zaman tahiya, inda ake kafa yatsun ƙafa, ko wajen tsuguno, domin duk suna bukatar yatsan ya lanƙwashe sama. Abin da ke taimaka masa kusan kishiyar na farko ne: ba laushi yake bukata ba, tauri yake bukata. Ana ba shi samel mai ƙarfi da ta miƙa har ƙarƙashin babban yatsa don ta hana gaɓar motsi, ko takalmi mai taurin ƙasa da aka ɗan lanƙwasa gabansa yadda ƙafa za ta mirgina ba tare da yatsa ya lanƙwashe ba. Silifa mai laushi ƙara masa ciwo take.

Akwai kuma ciwon da ke faɗowa dare ɗaya. Mutum ya kwanta lafiya, ya farka gaɓar ta kumbura, ta yi ja, ta yi zafi, ko mayafi ba ya so ya taɓa ta. Wannan yawanci gut ne, ciwon da ke zuwa in wani sinadari mai suna asid yurik ya yi yawa a jini ya daskare cikin gaɓa. Ya fi kama maza, kuma yawan cin jan nama da kayan ciki, da giya, da lemun kwalba mai zaƙi, da wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari suna tayar da shi. Babu samel ɗin da ke maganinsa. Magani yake so daga likita, da awon jini. In kumburin ya zo da zazzaɓi, ko akwai rauni a kusa, ana iya zargin ƙwayoyin cuta sun shiga gaɓar, wannan kuwa ba ya jiran gobe.

Abu biyu ne ya kamata a guje wa a duk waɗannan. Na farko tsaga ko ƙaho a kan ƙullutun: babu mugun jinin da za a fitar, ƙashi ne a ƙarƙashin fata, kuma rauni a wurin da takalmi ke goga yana wuyar warkewa. Na biyu shi ne dogaro da ƙwayoyin kashe ciwo na masu tallar magani a kai ko a tebur. Irin su diklofenak da ibuprofen suna kwantar da ciwo, amma shan su wata da watanni yana cin ciki, yana kuma taɓa ƙoda.

Mai ciwon sukari shi ne abin ji

Ga yawancin mutane ƙullutun damuwa ce kawai. Ga mai ciwon sukari yana iya zama mafarin rasa ƙafa. Sukarin da ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji, mutum ya daina sanin takalmi na gogarsa, ko tsakuwa ta shiga, ko rairayin watan Afrilu ya ƙona shi. Ƙullutun da kantar da ke ƙarƙashin yatsu su ne wuraren da gyambo ya fi farawa.

An koyi wannan darasi ne daga kula da masu kuturta, aikin da cibiyar Danja da ke kusa da Maraɗi ta daɗe tana yi. Wani likitan fiɗa ɗan Ingila, Paul Brand, wanda ya yi aiki a kudancin Indiya tun daga 1946, shi ya nuna cewa ba cutar ce ke cin yatsu kai tsaye ba. Rashin jin zafi ne ke sa mutum ya yi ta taka rauni har ya ruɓe. Takalman roba mai laushi da aka ƙera wa majinyatansa su ne kakannin waɗanda ake yi wa masu sukari a yau. Ga irin wannan ƙafa, samel ba don jin daɗi ake sa ta ba, kariya ce. Amma dole gwani ya ƙera ta ya kuma riƙa dubawa. Samel mai tauri ta kanti, ko robar da ta matse yatsa, ko maɗaurin dare, suna iya yi wa mai sukari raunin da ba zai ji ba sai ya gan shi. Ya kamata ya duba ƙafarsa kullum, har tsakanin yatsu da ƙarƙashi, ko da madubi ko da idon wani na gida, ya kuma zazzage takalmi kafin ya sa. Kanta kuma ba a yanke ta da reza.

Yara da fiɗa

Iyaye kan damu in suka ga tafin ƙafar yaro a shimfiɗe. Ga ƙaramin yaro haka halitta take, kwarin yana fitowa ne a hankali, galibi yana kammaluwa wajen shekara shida zuwa goma. Wani bincike da aka yi wa yara 2,300 a Indiya, aka fitar a 1992, ya tarar da shimfiɗaɗɗiyar ƙafa ta fi yawa ga masu sa takalmi, kashi 8.6, a kan kashi 2.8 ga marasa sawa. Yaron da ba ya kukan ciwo, yana gudu yana wasa, ba ya bukatar samel. Wanda ake gaggawar kai wa asibiti shi ne jaririn da aka haifa da ƙafa a murɗe ta juya ciki. Wannan wata matsala ce dabam, ana gyara ta da filasta tun yana ƴan makonni, kuma asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai a 2010 yana cikin masu wannan aiki.

Ita kuwa fiɗa, ita kaɗai ke mayar da ƙashi mazauninsa. An bayyana hanyoyin yin ta fiye da ɗari, yawancinsu yanka dogon ƙashin ne a gyara masa zama a ɗaure da ƙusa. Ƙashin na ɗaukar kamar mako shida kafin ya haɗe, kumburi kan kai watanni, gaɓar na iya rage motsi, karkatar kuma takan dawo wa wasu, musamman in aka koma wa tsohon takalmi. Likitocin ƙashi ba sa son yin ta don kyan ƙafa kawai. Suna duba ta ne in ciwo ya hana tafiya ko aiki bayan an gwada faffaɗan takalmi da samel na wasu watanni, ko in babban yatsa ya fara ture na biyu daga wurinsa. Ga mai sukari ko mai matsalar gudun jini a ƙafa, sai an auna jijiyoyin jininsa kafin a yanke shawarar taɓa ƙashin.